Wata 14 da rumfa mai ruwan ƙasa a kan jirginmu

Jirgin namu na ruwa ne, na fasinja, na faiba, yana cin mutum 20, da injin Yamaha a bayansa. Ni da kawuna muka haɗa kuɗi muka saye shi, yana jigila tsakanin tashar Liverpool da ke Apapa a Legas da ƙauyukan tsallake, su Igbologun da Sagbokoji. Rumfar da muka same shi da ita ja ce, ja mai kyan gaske, har daga nesa ake gane mu da ita. Ba ta cika shekara a hannunmu ba samanta ya koɗe ya koma ruwan hoda, cikinta kuma yana nan ja wur, in iska ta ɗaga gefen sai ka rantse yadi biyu aka haɗa. Daga baya ta fara tsagewa a inda ta kwanta kan ƙarfe. Wata Hajiya mai kai atamfa tsallake ta taɓa ce mini: "Ɗan nan, a ƙarƙashin rumfarku ko zanen da na ɗauko ba na iya shaidawa, komai ja nake gani." Ranar na fara lura cewa hasken da ke ratso rumfa shi ke rina duk wanda ke zaune a ƙasanta.

Da lokacin canji ya yi, aka haɗa ni da wani dattijo Bakano mai ɗinkin tamfol a wajen Ijora. Yawancin aikinsa na manyan motocin kaya ne, amma yana yi wa masu jirage. Na je da shuɗi mai duhu a raina, don shi na fi gani a kan jiragen masu kuɗi da ke Ikoyi. Baba bai musa mini ba. Ya ɗauko guntun tsohuwar rumfarmu da na kawo, ya zare zare ɗaya, ya sa reza ya datse shi.

"Duba nan, ɗana. Wannan gyaɗa ce, ja a ɓawo, fari a ciki."

Sai ya zaro wani zaren daga yadin da ke kan teburinsa ya datse. "Wannan kuma goro ne, duk inda ka gutsura ja ne. Kafin ka tambaye ni launi, tambaye ni wanne kake so cikin biyun nan."

Abin da yake nufi shi ne, akwai yadin da ake saƙawa sannan a rina samansa, akwai kuma na akirilik wanda ake zuba launin tun zaren yana narkakke, kafin a ja shi. Na biyun shi ne irin su Sunbrella, na kamfanin Glen Raven da ke Amurka, yadin da yake kasuwa tun 1961. Rana ba ta cin launinsa da wuri don babu fatar da za ta ɗaye. Kuɗinsa ya kusa ninka na tamfol ɗin roba sau uku, kuma sai da aka yi sati biyu kafin a samo shi. Kawu ya yi ta jan ƙafa, ni ma gabana ya faɗi da na ji lissafin, amma na tuna rumfar da ta mutu cikin shekara guda.

Kan launi kuwa, Baba ya yanko mini ƙyalle huɗu, kowanne kamar faɗin sallaya rabi: shuɗi mai duhu, fari, ruwan toka, da ruwan ƙasa mai haske. Ya ce in ɗaure su a kan ƙarfen rumfa in bar su sati uku, kada in wanke. Watan Fabrairu ne, hunturu yana ƙarewa, zafi yana shigowa. Wannan shawarar ita ce mafi amfani a duk abin da na biya kuɗi a kansa, ita kuma kyauta ya ba ni.

Shuɗin nan da nake so shi ya fara ba ni kunya. Da azahar in ka ɗora tafin hannu a kansa sai ka ɗauke, kuma in ka kai kanka kusa da shi ta ƙasa za ka ji hucin yana sauka. Rumfarmu ba ta da tsayi, dogon mutum in ya zauna bai fi kamu biyu tsakaninsa da ita ba. Inuwarsa dai ta fi ta kowanne kauri, wannan ba a ƙwace masa ba, ido yana hutawa a ƙarƙashinsa. Amma ruwan Apapa akwai gishiri a ciki, musamman da rani da ruwan teku ke turowa, kuma duk feshin da ya bushe a kan shuɗin sai ya bar farin zobe. Ga ƙurar hunturu, ga kashin tsuntsu. Kwana biyar ya yi kama da abin da aka manta a bayan ɗaki.

Farin ya fi kowa sanyi a hannu. Matsalarsa haske yana ratsa shi, ya haɗu da ƙyallin ruwa, direba ya riƙa kanne ido. Kuma Apapa ba wurin farin kaya ba ce. Hayaƙin manyan jirage da na tankoki yana sauka baƙi-baƙi, ga hannun yaran jirgi da ke taɓa inji su dawo su kama rumfa. Baba ya ƙara mini da cewa in damina ta kankama, daga Afrilu zuwa Yuli, fumfuna za ta fito masa ɗigo-ɗigo kamar zanen zabuwa.

Aka bar ni da toka da ƙasa. Sun yi kusa a komai, sai dai ƙurar hunturu launinta ɗaya da ruwan ƙasan, ta kwanta a kai ba ka ganinta, gishirin ma sai ka matso. Hasken da ke saukowa ta cikinsa kuma mai taushi ne, fuskar mutum tana nan yadda Allah ya yi ta. Shi na ɗauka.

Yanzu wata 14 ke nan, ta ci damina ɗaya cikakkiya da hunturu ɗaya. Na ajiye guntun yadin a cikin akwati tun ranar ɗinki, kwanan baya na fito da shi na ɗora a kan rumfar da rana tsaka, sai da na ƙura ido sosai kafin na ga ɗan bambanci. Fasinjojin la'asar sun daina rige-rigen kujerun gefe don gudun huci. Wanki sau ɗaya a wata ya ishe ta: ruwan famfo, sabulu marar ƙarfi, buroshi mai laushi. Fumfuna ta ɗan fito a watan Yuli a inda yadin ya ninku, muka kwance rumfar muka kai gida, aka sa bilic ɗin Hypo kaɗan a ruwa, ta fita, launin bai motsa ba. A gida muke irin wannan wankin, ba ma zuba shi a ruwan da mutane ke kamun kifi.

Abu biyu ne suka ɓata mini rai, kuma ɗaya ya tsorata ni. Wata safiya a Disamba, hazo ya rufe ko'ina, wani jirgi da ke fitowa daga tsallake ya gifta mu kusa ƙwarai, har igiyar ruwansa ta watsa wa na gaba. Da muka haɗu a tasha direbansa ya ce wallahi bai gan mu ba sai da ya zo daf, rumfarmu ta saje da hazon. Launin da ya ɓoye mana ƙura shi ne ya ɓoye mu gaba ɗaya. Jar rumfar da, duk da koɗewarta, ba ta taɓa yi mana haka ba. Hukumar LASWA, mai kula da hanyoyin ruwa na jihar Legas, tana matsawa kan rigar ceto ga kowane fasinja, kuma an hana tafiyar dare, amma hazon safe ba ya cikin dare, kowa yana kan ruwa a lokacin. Washegari na kwance rumfar na kai wa Baba, ya zagaye bakinta da yadi ruwan goro mai faɗin tafin hannu, ya ɗinka tef mai ƙyalli a kusurwa huɗu. Ya ce da ya san hanyarmu akwai cunkoso haka da tun farko ya sa. Duk mai sha'awar launi mai haske irin wannan, ya sa a yi masa wannan bakin tun a ɗinkin farko.

Na biyun zobban ƙarfen da ake zura igiya ne. Na talaka aka sa mana, irin na tamfol ɗin mota, ruwan gishiri kuma ba ya raga musu. Wata huɗu suka yi tsatsa, tsatsar ta zubo layi-layi a kan yadin, kuma a launi mai haske ba ta ɓuya. Mun canza su da na ƙarfe marar tsatsa, mai lamba 316, amma tabon biyu ya zauna daram ta gefen hagu, duk ranar da na gan shi sai raina ya sosu. Ni ban tambaya ba, Baba ma bai faɗa ba. Haka zaren ɗinki: rana takan cinye shi kafin ta taɓa yadin, don haka yanzu duk wata nakan bi layin ɗinkin da farce in ji ko ya fara ruɓewa.

Kawu har yanzu shuɗin yake so, ya ce ya fi kama da jirgin mai hali. Mun yi da shi cewa labulen gefe da za a ɗinka kafin ruwan Yuni ya yi ƙarfi za a yi shi shuɗi, tunda ba a kan kowa yake ba, kuma zai sa a hango mu da kyau. Jibi zan kai wa Baba awon, da zobban 316 ɗin a aljihuna.