Yamaha TRBX174: sautinta ya yi, amma yadda aka turo ta ya ɓata min rai

Mai son kiɗan rok ko metal a ƙauyukanmu na wajen Ringim, kafin ya sayi jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, ya fara tambaya ko tana cin batir. TRBX174 ba ta ci, shi ya sa na fifita ta a kan Ibanez GSR200 mai aiki da batir na volt 9. Irin wannan batir wuyar samu gare shi a kasuwar ƙauye, kuma in aka bar waya soke a jikin jitar, nan da nan zai mutu.

Sautinta ya ba ni mamaki. Tsirkiya huɗu ce, ƙarafan wuya 24 (waɗanda ake danne tsirkiya a kansu), maɗaukan sauti biyu (na'urorin da ke kai sautin tsirkiya zuwa amfilifaya). Na kusa da wuya, wanda ake kira P, shi ne na metal: a ƙure ƙararsa, a rage ta na baya, a kaɗa tsirkiya da ɗan filastik, sai ka ji ruri mai kauri wanda ganga ba ta danne shi.

Amma wani shago a Sabon Gari ya ɗoro ta a mota ko dubawa bai yi ba. Wuyan ya lanƙwasa gaba, tsirkiyar E, wato mafi kauri, ta ɗaga da kusan milimita 5 daga ƙarfe na 12, alhali bai kamata ta wuce 2.5 ba. A haka yatsu ba sa gudu, kuma metal gudu ne. Ga tsatsa a tsirkiyoyin, alamar ta daɗe a rataye. Kuɗin sabuwa fa aka karɓa!

Gyaran ba wuya. A sassauta tsirkiyoyi, a sa alinki a sandar ƙarfen da ke cikin wuya, a juya dama kwatan zagaye kawai, a ɗaure, a bar ta ta kwana. Sannan a danne E a ƙarfe na farko da inda wuya ya haɗu da jiki. Ratar da ke tsakanin tsirkiyar da ƙarafa a tsakiyar wuya ta zama kamar kaurin katin waya. In sandar ta yi tauri kada a tilasta, karyewa za ta yi. Wanda zai sassauta E don sautinta ya sauka zuwa D, tsirkiya mai lambar kauri 45 zuwa 105 ta ishe shi. In C ne sai 110, in ba haka ba ta yi sako-sako tana bugun ƙarafa.

Hunturu ma na nan. Bushewa na sa katako ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana kartar hannu, don haka ta riƙa zama cikin jakarta, nesa da kwanon rufi. Maɗaukin baya kuwa, kamar kowane maɗauki mai naɗin waya ɗaya a cikinsa, yana ɗaukar ƙugi kusa da janareta.

Jitar ta cancanci kuɗinta. Shagon ne ban yafe wa ba, don sai da na ƙara kuɗin sababbin tsirkiyoyi. Ku je da ƙafarku, a jona ta da amfilifaya a gabanku, ku shafa gefen wuyan kafin ku biya.