Amfilifaya mai kwai ko mai transista: abin da kunne ke ji a baje kolin Munich

Duk wanda ya shiga baje kolin High End, wanda aka riƙa yi a birnin Munich a Jamus har zuwa 2025, ya tarar da masu sayar da kayan sauti sun rabu gida biyu.

A wani ɗaki, amfilifaya ce mai kwai na gilashi mai kama da kwan fitila, wanda ke ƙara ƙarfin sauti, irin 300B da kamfanin Western Electric ya fito da shi a 1938. Kwan yana ja kamar garwashi, ɗakin ya ɗau ɗumi. Ƙarfinta bai wuce wat 8 ba, shi ya sa ake haɗa ta da lasifika mai bakin kakaki, irin ta Avantgarde, wadda ƙaramar wuta ke ishe ta. Idan aka sa muryar mawaƙiya da jita ɗaya, har jan numfashinta za ka ji, kamar tana zaune a gabanka kan tabarma. Ni dai nan zuciyata take. Sai dai kwan yana tsufa, dole wata rana a sauya shi, kuma ba arha.

A ɗakin da ke kusa kuwa amfilifaya ce mai transista, wato ƙananan na'urorin lantarki da ke yin aikin kwan, irin ta D'Agostino mai ɗaruruwan wat, tana tura lasifikar Wilson Audio mai nauyin tsiya. Nan ganga ke bugun ƙirji, ƙungiyar makaɗa guda ta ɓarke ba tare da sauti ya cakuɗe ba. Ga waƙa mai kiɗa da yawa, ta fi mai kwai nesa ba kusa ba.

Amma a kula, masu ɗaki su ke zaɓen waƙar da za ta fito da kayansu, kuma kujera ɗaya ce tak a tsakiya inda sautin ya daidaita. In ka samu ta gefe, jira a tashi.