GARGAƊI: Naira dubu 480 na biya, ashe giyabos ɗina aka wanke aka mayar mini

Jama'a assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce ko za ku yi mini dariya sai na faɗa.

Naira dubu 480. Ban da kuɗin aiki dubu 45, ban da man giya. Dubu 480 na tura wa wani bakanike a nan Kano a kan zai sa mini giyabos ɗan Beljiyam a motata, Honda Accord ƙirar 2004, wadda ake ce wa EOD, mai silinda huɗu. Duk mai EOD ya san giya ce ciwonta. Tawa ta fara zillewa tsakanin ta biyu da ta uku, sai inji ya yi ta kuka mota ba ta gaba.

Kuma kada wani ya zo yana ce mini ai ganganci na yi. Shekara 9 ina tuƙi, motoci uku na riƙe. Mutumin nan abokin aikina ne ya haɗa mu, ya taɓa yi mini burki da ƙafa, aiki lafiya lau. Ranar ma sahu ɗaya muka yi La'asar da shi. Muna sallamewa ya ja ni bayan gareji, ya yaye wani buhu, ga giyabos fes, da rubutun fenti ruwan ɗorawa a jiki irin na kayan kwantena. Ya ɗora hannunsa a kai ya ce, "Alhaji, wannan ko noti ɗaya ba a taɓa kwancewa ba. Amana ce tsakanina da kai." Ya sa na dangwali man da yatsa, ja wur, ba ƙauri. A nan tsaye na tura kuɗin. Ko tayi ban yi ba. Wallahi har yanzu in na kwanta hannun nan nake gani a kan ƙarfen.

Ya ce in bar motar kwana huɗu, tsohon giyabos ɗina kuma in bar masa, zai rage mini dubu 30 a madadinsa. Har godiya na yi masa.

Na karɓi mota, zillewar ta tafi, na yi murna. Sati bai cika ba na lura allurar mai tana sauka kamar an huda tanki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu wanda ba ya ƙirga lita, ni kuwa na san motata. Tankinta lita 65 yake ci. Da, in na cika shi, in je Kaduna in dawo, wajen kilomita 460, in samu saura mai kauri. Wannan karon wutar mai ta kama ina Kwanar Ɗangora a hanyar dawowa, da iyali a mota, uwargida tana tambayata ko dai ban cika ba ne na ce na cika.

A'a, kafin tafiyar Kadunan ma na koma wajensa, don harafin D na gaban sitiyari ya fara ƙiftawa. Ya ce, "Oga, kwamfutar mota ce take sabawa da sabon giya, ka ba ta sati biyu." Na yarda. Ina ce bayan Kaduna ne ya fara zancen fulogi, ko kafin nan, na manta. Na dai canza fulogi huɗu. Aka wanke nozul. Aka canza matatar iska. Ya ce famfon mai ne, na saya. Ya ce sensar da ke jikin salansa ce, na saya. Sama da dubu 90 suka bi bayan dubu 480 ɗin, duk a hannunsa ko hannun yaransa, mota kuma shan manta sai abin da ya ƙaru.

Wani dattijon bakanike, ƙanin surukina, shi ya buɗe mini ido, kuma ko sifana bai ɗauka ba da farko. Ya ce in cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, in mayar da ƙidayar tafiya sifili, in yi yawona, in dawo famfo ɗaya in sake cikawa, in raba kilomita da litar da ta shiga. Na yi. Kilomita 7 a lita. Motar da take ba ni 11 zuwa 12 a babbar hanya.

Sannan ya shiga gefena muka hau titin Zariya. Ya ce, "Ɗana, kai ta 100 ka riƙe, ka dubi allurar juyin inji." Tana neman 3,000. Ya ce motar nan giya biyar gare ta, a wannan gudun dubu biyu da 'yan kai ya kamata ta nuna. Muka ƙirga canjin da kunne: ɗaya, biyu, uku, huɗu, shiru. Ba ta shiga ta biyar ko sau ɗaya. Ya kuma yi mini bayanin kwambata, tulun nan da ke tsakanin inji da giya. A ƙaramin gudu man giya ne yake juya ta, in mota ta miƙe a hanya akwai kulochi a ciki da yake kamewa ya haɗe inji da giya kai tsaye. In bai kame ba, inji yana ta kaɗa mai yana zafi a banza, fetur yana tafiya. Da aka sa wa motar kwamfuta lambar P0741 ta fito, wato kulochin kwambatar ba ya kamawa, da wasu lambobin giya.

Na ce to ai wutar cek inji ba ta taɓa kamawa ba. Ya ce in kashe motar in murɗa makulli rabi. Duk fitilu suka kawo ban da ita. Aka ciro agogon gaban sitiyari, baƙin salatif aka manna a kanta ta ciki. Baƙin salatif, jama'a!

Man giyar ma ba nata ba ne. Honda tana da nata, ATF-Z1 a da, yanzu DW-1, kuma kuɗinsa na biya. Wani abu mai kauri aka zuba mini.

Abin da ya kashe ni shi ne da muka shiga rami. Dattijon ya haska tocila, ga gam ya bulbulo a gaɓar kaskon giyabos ɗin, alamar an buɗe an rufe. Ya kankare fentin ƙasa da sukundireba, sai ga walda. Waldata. Shekara biyu da suka wuce na daki dutse a hanyar ƙauyenmu, kaskon ya tsage, ni na tsaya a kan mai waldar alminiyam har ya gama. Na san ta kamar tafin hannuna. Wato na bayan garejin na nuni ne kawai. Nawa aka kwance, aka cusa masa tsofaffin faifai, aka wanke, aka fesa fenti, aka mayar da tsohuwar kwambatar. Na biya dubu 480 na sayi kayana. Har da ragin dubu 30 da na yi wa godiya.

Na kira wanda ya yi mini aikin, ya ce yaransa ne suka yi kuskure. Washegari ya ce yana Legas ɗauko kaya. Yanzu waya ba ta shiga. Ba zan kama suna ba tukuna, don maganar tana hannun shugabannin garejin, sun ce in ba su zuwa Juma'a. Hoton tura kuɗin yana nan, da saƙon muryarsa inda yake rantsuwa, da hoton waldar da na salatif ɗin. In Juma'a ta wuce zan ɗora su duka.

Ku dai in za a canza muku giya, ku ɗauki hoton lambar da ke jikin tsoho da sabo, ku tsaya a ɗaura a gabanku, ku tafi da tsohonku gida. A sa kwamfuta kafin ku cika kuɗi.

"Amana ce tsakanina da kai." Sahu ɗaya fa muka yi salla. Dubu 480, kuɗin da na ware na makarantar yara ne, kuma har yau uwargida ta ɗauka dubu 300 na biya.