Ejan ɗin da ta shirya mini hutu a jirgin ruwa ni kaɗai: inda ta burge ni da inda ta gaza

Duk tallar hutun jirgin ruwa da ka ga an rubuta farashi mai sauƙi da manyan lambobi, to kuɗin rabin ɗaki ne. Kamfanonin suna lissafi ne a kan mutum biyu a ɗaki guda. In kai kaɗai ne, sai a ɗora maka kuɗin gadon da ba kowa a kansa, wani lokaci rabi, sau da yawa ma gaba ɗaya. A ce talla ta ce fam 800, mai tafiya shi kaɗai zai iya tashi da 1,600 bai sha ko ruwa ba. Wannan ne abu na farko da matar, wato ejan ɗin, ta gaya mini tun ban gyara zama ba, kuma shi ya sa na saki jiki da ita. Mai son sayar maka da kaya ba ya fara da aibinsa.

Ƙaramin ofishi ne a kudancin Manchesta, ba sa sayar da komai sai tafiyar jirgin ruwa ta shaƙatawa. Ni nas ce, 'yar Zariya, na daɗe a Ingila. Maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, yara kowa ya kama gabansa, hutun aikina kuma ba ya zuwa daidai da na kowa. Da na gaya wa Yaya a waya, cewa ya yi, "Ke kaɗai, cikin teku? Umara ta ƙare ne?" Na ce, "Yaya, ba ta ƙare ba, wannan ma ganin ikon Allah ne." Ya yi dariya ya ce in dai riƙa kira.

Ba ta buɗe mini littafin hotuna ba sai da ta yi mini tambayoyi. Ina son hayaniya ko shiru? Mota tana sa ni jiri? Ƙasa nake son gani ko ruwa? Zan iya cin abinci da baƙi a tebur ɗaya? Da farko na ɗauka surutun ciniki ne, ashe kowace amsa tana rage jerin jirage. Akwai irin su Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024, mai ɗaukar fasinja har 7,600, cike da yara da wuraren wasan ruwa. Ta ce in na hau irin wannan ni kaɗai, zan fi jin kaɗaici fiye da a ɗakina na gida, domin kowa da iyalinsa ya zo. Matsakaicin jirgi ta ba ni shawara, inda fuskar da ka gani da safe za ka sake ganinta da yamma.

A kan batun mai tafiya shi kaɗai, nan ne ta fi ƙwarewa. Ta nuna mini cewa wasu jirage suna da ɗakunan mutum ɗaya tun daga gini. Norwegian Epic ne ya yi fice da su a 2010, da ɗakuna 128, kowanne bai wuce murabba'in mita 9 da ɗoriya ba, babu taga mai kallon teku, amma akwai falo na masu irin ɗakin su kaɗai, inda ake haɗuwa da yamma a shirya wa zai ci abinci da wa. Matsalar ita ce ɗakunan kaɗan ne, ana kwashe su tun watanni da yawa kafin tafiya, kuma ba kullum suke fin araha ba. Ta ajiye mini farashi biyu a takarda ɗaya: ɗakin mutum ɗaya a wani jirgi, da ɗakin mutum biyu a wani jirgin da aka rage wa ƙarin kuɗin kaɗaici saboda lokacin kaka ne, yara sun koma makaranta. Na biyun ya fi faɗi kuma ya fi sauƙi. Da ni ce a intanet, da na danna na farkon don kawai an rubuta na mutum ɗaya ne.

Ita ta zaɓar mini wurin ɗakin: tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa, inda girgiza ba ta da yawa. Ta duba taswirar jirgin ta tabbatar samana da ƙasana duk ɗakunan kwana ne, ba kicin ko wurin kiɗa ba. Daren da iska ta taso tsakanin Marsay ta Faransa da gaɓar Italiya, waɗanda ke can gaba a sama sun kwana suna amai, ni kuwa barcina na sha.

Sai lissafin da talla ba ta faɗa. Jiragen kamfanonin Amurka suna cire tukuicin ma'aikata kowace rana daga katinka, kusan dala 16 zuwa 20 kan mutum ɗaya, alhali kamfanin P&O na nan Ingila ya shigar da shi cikin farashi tun 2019. Intanet kuɗinsa daban. Lemo da shayi na musamman daban. Likitan jirgi ba kyauta ba ne, katin lafiya na GHIC kuma, wanda mazauna Birtaniya ke zuwa asibiti da shi a Turai, ba ya aiki a kan teku, don haka sai inshorar da aka rubuta tafiyar jirgin ruwa a cikinta ƙarara. A matsayina na nas, wannan ban yi mata gardama ba, na san abin da ake nufi da a ɗauke mara lafiya da jirgi mai saukar ungulu. Ta kuma ja mini kunne in kashe data da zarar mun bar gaɓa, domin wayar takan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, kuɗinsa kuwa ba ya cikin kowane tsarin waya na wata-wata. Tun da ta haɗa mini tikitin jirgin sama zuwa Basalona da na ruwa a ciniki ɗaya, ta ba ni takardar ATOL, wadda ke kare kuɗin mutum in kamfani ya durƙushe. Duk wanda zai biya ejan a Birtaniya, ya tabbatar ejan ɗin yana da lambar ATOL ko ta ABTA, ƙungiyar ejan-ejan tafiye-tafiye ta ƙasar, kafin ya ba da kafin alƙalami.

Wadda ta haɗa ni da ofishin abokiyar aikina ce, 'yar Ailan, wadda ke auren mace 'yar uwarta. Na san wasu za su ɗaure fuska a nan. Ni dai mun kwana tare a kan marasa lafiya shekara da shekaru, ranar da aka yi mini rasuwa ita ta karɓi aikina ba tare da na roƙa ba. Dalilin da ya sa su suke zuwa wajen matar nan ya nuna irin aikinta, kuma zai amfani mai karatu ko wane ne shi. Tafiyar masu neman jinsi ɗaya, waɗanda ake kira LGBT, iri biyu ce. Akwai kamfanoni irin su Atlantis, mafi yawa na maza, da Olivia na mata, wanda ya fara tun 1990, da ke hayar jirgi sukutum don mutanensu. Akwai kuma jiragen kowa da kowa, inda takardar shirye-shiryen yini ke sanya musu lokacin haɗuwa, a layi ɗaya da na masu tafiya su kaɗai da na masu wasan kati. Abokiyar tawa da matarta na biyun suke hawa, sun ce na farkon kiɗa da biki sun yi musu yawa.

Abin da ejan ɗin ke yi musu shi ne ta bi tashoshin da jirgi zai tsaya ɗaya bayan ɗaya, ta duba shafin shawarar tafiye-tafiye na ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya, domin cikin jirgi daban, kan tudu daban. Da ka sauka, dokar ƙasar ce ke kanka. Sifaniya ta halatta auren jinsi tun 2005, Malta a 2017, amma jirgin da ya bar waɗannan zai iya wayar gari a Tunisiya ko Maroko, inda doka ta haramta, haka ma wasu tsibiran Karibiyan kamar Jamaika. A 1998 hukumomin tsibiran Kayman sun hana wani jirgi da aka yi haya don 'yan wannan rukuni tsayawa a tasharsu. Takan gaya musu gaskiya: ga inda za ku sauka hankali kwance, ga inda za ku kiyaye, ga inda ya fi ku yi zamanku a jirgi. Takan kuma rubuta wa kamfani tun da wuri yadda ake son gado, a haɗe ko a rabe, don kada a tsaya ana bayani a gaban mai gyaran ɗaki. Ga wanda yake da dangi a Najeriya, inda dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ni zan ƙara abu guda da ita ba za ta tuna ba: masu hoton jirgi suna ɗauka ko'ina, fasinjoji kuma suna buɗe zauren Facebook na kowace tafiya suna zuba hotuna. Kana da damar ce wa mai hoto a'a.

Daga nan na koyi wata tambaya da ta shafi kowa: shin akwai wata babbar ƙungiya da ta kama kaso mai yawa na jirgin a wannan makon? Ko masu wani taro ne, ko masoya wani kiɗa, sukan rufe falo da wuraren cin abinci don kansu. Kamfani ba ya sa wannan a talla. Ejan mai kirki tana iya bincikowa, ita kuwa ta bincika.

Yanzu inda ta gaza, kuma ba ƙaramin gazawa ba ne. Sai bayan na biya kafin alƙalami, ana cike takardu, na ajiye koren fasfona a kan tebur, sannan ta yi turus. Ta ɗauka tun da a Ingila nake zaune, fasfon Birtaniya ne da ni. Izinin zama a nan ba ya shigar da kai Turai, sai bizar Shengen, biza ɗaya ta shiga ƙasashen Turai da yawa, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun 2024, samun ranar ganawa kuwa aiki ne. Hanyar da ta fara zaɓar mini tana tsayawa a Turkiyya, wato jirgi zai fita daga yankin Shengen ya dawo, ga buƙatar biza mai shiga fiye da sau ɗaya, ga kuma tambayar bizar Turkiyyar kanta. Wanda ya je tasha ba cikakkun takardu, ba a barinsa ya hau, kuɗinsa kuma ya tafi. Ta ba da haƙuri, ta mayar da ni hanyar Sifaniya da Faransa da Italiya ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Amma mai wannan sana'a, a gari irin Manchesta da ke cike da baƙi, tambayar fasfo ce ya kamata ta zama ta farko.

Batun halal ma sama-sama ta ɗauke shi. Cewa ta yi in na shiga in gaya musu. Ashe ana cike takardar abinci na musamman ne makonni kafin tafiya. Kifi da ganye da taliya na ci har muka dawo, ba laifi, amma ba abin da na biya kuɗi dominsa ke nan ba. Wani ma'aikacin ɗakin cin abinci, Musulmi ɗan Indunusiya, shi ya riƙa raɗa mini wace miya aka sa wa giya, wace kuma aka yi da romon alade. Shi ya nuna mini tashar talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya fuskanta, da ita nake gane alƙibla. Ga 'yan uwa mata: a bar kasko da turaren wuta a gida, da dutsen guga, duk abin da ke kama wuta ƙwace shi ake yi a ƙofa. Kilishi ma kada a ɗauka, tun 2021 an hana shiga Tarayyar Turai da nama daga Birtaniya. Yaji dai ya wuce lafiya, shi ya ceci kifin. A sa 'yar buta ta roba a jaka.

Na kuma lura tana ɗan tura ni ga yawon da jirgi ke shiryawa a kowace tasha, wanda na san tana da kamasho a kai. Hujjarta gaskiya ce: in motar jirgi ta makara ana jiranta, in kai ka fita da kanka ka makara, tafiya za a yi a bar ka. Amma ba ko'ina ake buƙatarsa ba. A Palma da Basalona gari yana kusa, bas ya isa. Inda na ga amfaninsa shi ne Rum, domin jirgi a Cibitabekiya yake tsayawa, kusan kilomita 80 daga birnin. Jirgin ƙasa yana da araha sosai, matasa da yawa shi suka bi, amma mace ita kaɗai da ba ta jin Italiyanci, na gwammace in biya in huta da kallon agogo.

Teburin da ta sa a ba ni na mutum takwas ne, duk masu tafiya su kaɗai, lokaci ɗaya kowane dare. Wannan shawara tata ta fi komai daraja a wajena. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta daga Welas, da wani dattijo da matarsa ta rasu bara, wanda ba ya magana sai an zo kan lambunsa. Ranar farko sun ga ban taɓa giya ba, ba wanda ya tambaya. Zuwa tsakiyar mako, in na makara wajen sallar magariba, sai in tarar an ajiye mini burodi an hana mai hidima ɗauke farantina.

Ba ta karɓi kuɗin aiki daga hannuna ba, kamfanin jirgi ne ke biyanta, kuma farashinta bai wuce na shafin kamfanin ba. Zan koma wajenta, amma da tambayoyina a rubuce. Na riga na aika mata da ɗaya: jirgin Aroya na Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu giya, babu caca, ga wurin salla. Ta ce ba ta taɓa sayar da tikitinsa ba, za ta nemo mini yadda suke lissafin mai ɗaki shi kaɗai kafin rangwamen Janairu ya fara. In ya yi daidai, Yaya ya ce wannan da shi za a je.