Gwajin bawul ɗin EGR: wane kayan aiki ya dace ka saya?

Aikin EGR shi ne mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin injin don zafin ƙonewa ya ragu, iskar NOx mai cutar da huhu ita ma ta ragu. Kafin ka kashe ko sisi, buɗe bonet ka ga irin bawul ɗin da ke motarka, domin shi zai zaɓa maka kayan aiki. Wasu injinan ma ba su da shi sam, kamar 1ZZ-FE na Corolla 2003 zuwa 2008.

Idan siririn tiyo ne ya shiga kan bawul ɗin, kamar a Camry mai injin 5S-FE, famfon hannu mai zuƙe iska ya fi komai amfani, irin na Mityvac. Ka bar injin ya yi zafi yana silo, ka jona famfon, ka matsa. Injin ya yi kakari ko ya mutu? To bawul na buɗewa, hanya kuma a buɗe take. Allurar agogon famfon ta sauka da kanta, robar ciki ta fashe. Allura ta tsaya cak amma injin bai ko girgiza ba, kunkunniya ce ta toshe hanya ko ta liƙe bawul ɗin, wanki yake so.

Bawul mai soket ɗin wuta kuwa sai kwamfuta. Ƙaramar na'urar ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu tana da arha, tana karanta lambobin matsala a motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001. Za ta nuna maka P0401 idan hayaƙin bai isa ba, P0402 idan ya yi yawa, P0403 idan matsalar wayoyin wuta ce. Galibi iyakarta karantawa ke nan. Manyan na'urorin Launch da Autel suna iya umartar bawul ya buɗe ya rufe kana kallo, amma tsadarsu sai mai gareji. Ka tabbatar wadda za ka saya tana wannan aikin, don ba kowace ba ce.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ganin P0401 a ruga sayen sabon bawul. Honda Accord na 1998 zuwa 2002 ta yi suna da wannan lamba, kuma galibi hanyoyin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin injin, ne suka cushe.

Mai mota ɗaya da bawul ɗinta na wuta ne, ELM327 da mitar awon wuta don duba wayoyin sun ishe shi. Bakaniken da tsofaffin motoci suka fi zuwa wurinsa ya fara da famfo.