Garejin Agege da ke gyaran kuloci, ya kuma koya wa direba sa giya

Duk wanda ke Legas kuma yake da mota mai giyar hannu wadda tayoyinta huɗu ke ja, irin su Subaru Forester ko Audi quattro, ina ba shi shawarar wani ƙaramin gareji a Agege, kusa da layin dogo, ba nisa da gadar sama ta Pen Cinema. Ko allon suna babu. Mai wurin dattijo ne Bakatsine, yaransa akwai Hausawa akwai Yarbawa, kuma kowa Baba yake ce masa.

Forester ɗina tokumbo ce mai giya biyar, da gajiyayyen kuloci ta zo. In na taka totur a giya huɗu sai injin ya yi ta kuka, gudu bai ƙaru ba. Sun sauke akwatin giya, suka canza faifan kuloci da murfinsa da boris. Kayan daga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, aka sayo, kuma Baba ya miƙo mini tsofaffin in gani da idona. Aikin ya yi kyau, amma wannan wasu garejin ma za su iya.

Abin da ban samu a ko'ina ba shi ne, kafin ya sallame ni sai ya shiga gaba, ya ce in ja mu zaga, ya kuma sa ƙanena ya shiga baya tunda shi ma yana tuƙa ta. "Alhaji," in ji shi, "wannan ba Golf ba ce." Motar da tayoyin gaba kaɗai ke ja, irin Golf, in ka saki kuloci da ƙarfi taya ce za ta yi ƙara ta murza kwalta, ƙarfin ya tafi a nan. Ita kuwa wannan akwai na'ura a tsakiyarta da ke raba ƙarfin injin kashi 50 gaba, 50 baya, don haka tayoyi huɗu ne suka damƙi ƙasa, da wuya su zame. To bugun ina zai je? Ciki zai koma: faifan kuloci, haƙoran giya, da sandunan da ke juya tayoyi.

Shi ya sa ya nace kan tashi. Totur kaɗan, a ɗago ƙafa a hankali har a ji motar ta kama, sannan a ɗauke ƙafar gaba ɗaya daga kan kuloci. Daga giya ɗaya zuwa biyu kada a fizga. A ɗan dakata a firi gwargwadon numfashi guda, sai giyar ta shige ba gardama. Wajen saukowa, misali daga huɗu zuwa uku, a ɗan taɓa totur lokacin da kuloci ke ƙasa domin juyin injin ya dace da na tayoyi. In an yi daidai, wanda ke zaune a baya ba zai ma san an canza giya ba. Wannan ya fi komai ɗaukar lokaci kafin ƙafa ta saba, kuma Baba bai ƙosa ba ko kaɗan.

Sai maganar gosulo, wadda ita ce ainihin mai cinye kuloci a garin nan. Wanda ya taɓa maƙalewa a gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, ko a titin Ikorodu da yamma, ya san yadda ake riƙe mota da rabin kuloci ana ja taku-taku. Baba ya ce a bar tazara, a saki kuloci duka, mota ta yi rarrafe a giya ɗaya. In an tsaya cak a sa firi a huta da ƙafa. A hawan gada kuwa hambirki ne zai riƙe mota, ba kuloci ba. Gaskiya ne ɗan danfo, wato direban bas ɗin haya, zai cusa kai cikin tazarar da ka bari, kuma abin da ciwo, amma ni na gwammace ya wuce da in sake sayen faifai.

Ya kuma auna tayoyina huɗu, domin in girmansu ko cinyewarsu ta bambanta sosai, na'urar tsakiyar nan za ta yi ta aiki ba hutu har ta yi zafi ta lalace. Saboda wannan dalilin ne ya hana a ja motar da tayoyi biyu a ƙasa in ta mutu a hanya. A ɗora ta dungurungum a kan motar ɗauka. Man giya ma 75W-90 mai lambar GL-5 ya zuba.

Inda wurin ya gaza: ba sa sauri sam, kuɗin aikinsu ya ɗara na maƙwabta, ga matsi, ga ba inuwar zama, kuma da damina taɓo ne har bakin ƙofa. Mai gaggawa zai ji haushi. Ka je da sassafe kafin motoci su cika layin, ka shirya barin motar ta kwana, ranar karɓa kuma ka tafi da duk wanda ke tuƙa ta a gidanku.