Sulallan tawayen Yahudawa da na yi oda: ɗaya ya burge ni, ɗaya ya ɓata min rai

Na sayi saitin kwafin tsoffin sulallan nan guda biyar ne don in nuna wa ɗalibaina, tunda muna kan darasin daular Rumawa. Sati bakwai ina jira kafin kayan su iso, ga kuɗin aike da ku ma kun san yadda yake yanzu.

Da na buɗe, ƙaramin na zamanin Bar Kokhba, jagoran tawayen Yahudawa a kan Rumawa, na fara ɗagawa, mai nonon inabi da sunansa Shimon, sai na ga wasu haruffan Latin sun leƙo a bakinsa, har da alamar kan mutum a ƙarƙashin zanen kamar inuwa. Raina ya ɓaci, nan take na tura wa mai kayan saƙo cewa ya aiko min mai tabo. Ya ce Malam ka ƙara dubawa, haka na asalin yake. Ashe a tawayen shekarar 132 zuwa 135 mutanen nan ba sabuwar azurfa suka narka ba, kuɗin Rumawa suke karɓa su goge su buga nasu hatimin a kan fuskar sarki, irin su Trajan da Hadrian, su rubuta "domin 'yancin Urushalima" da tsohon rubutun Ibrananci. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Washegari na kai aji, sulen ya zaga hannu hannu, wata yarinya ta kai shi bakin taga tana juyawa har ta gano hancin sarkin, ranar ko mai gyangyaɗi babu. Babban sulen mai hoton gaban Haikalin Urushalima ma ya fito ras, ginshiƙai huɗu, alhali lokacin an fi shekara 60 da rushe ginin.

Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya saya. Amma shekel ɗin, wato sulen azurfar tawayen farko, na shekarar 66 zuwa 70, wanda dominsa ma na yi odar, shi ne suka yi wa aikin gaggawa. Na asalin yana kai giram 14, wannan kuwa sakayau kamar murfin kwalba. Kofin da ke gaba ya fito, amma rumman ukun da ke baya sun cuɗe, kuma haruffa biyun da ke saman kofin masu nuna shekara ta biyu ba sa karantuwa sam, to nan ne fa ma'anar take, mutanen sun fara ƙirga shekaru ne daga ranar da suka yi bore. Sati biyu kacal fentin ya fara ɓarewa, jan ƙarfe ya bayyana.

Na sake yi wa mai kayan magana da hotuna, yau kwana tara ya karanta bai amsa ba. In za ku saya ku ce ya cire shekel ɗin ya rage kuɗi, ni dai nawa har yanzu ina bin sa canji.